Rigar Aro da Ƙafafun Malam

Shekara bakwai ke nan da Malam ya tafi ya bar ni. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau ba don jarida. Mutanen ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure, sun san wanda nake nufi. Ni ban iya karatu ba. Ina faɗa ne, autarmu Hajara tana rubutawa, in na yi shiru ta ajiye biro ta jira ni, domin har yau hawaye ba su gama da ni ba.

Duk ranar da aka sako ruwa a kanal ɗin noman rani nakan lallaɓa bakin gona da hantsi. Balbelu na sauka, rana na rawa a kan ruwa, sai in ga kamar shi ne can, wando a naɗe, yana buɗe wa tumatir hanyar ruwa da fartanya. Iska ta kaɗa, in ƙara dubawa, babu kowa.

Shekarar da Hajara ta gama sakandare ba mu da abin kai ta gaba. Wani malaminta ya zo ya ce kwalejin aikin gona tana da shirin tallafa wa 'ya'yan talakawan manoma: karatu kyauta, ɗakin kwana, littattafai, da malamar da za ta riƙa bibiyar yarinya har ta kama aiki. Sai dai gurbin kaɗan ne, kuma dole uba ya je da kansa a gan shi.

Malam ya ce ba zai tsaya gaban manya da rigar gona ba. Ya aro babbar riga ta shadda wurin maƙwabcinmu, dillalin tumatir, har da hula da takalmi sau-ciki. Ni da hannuna na turara ta. Mu a saninmu haka ake girmama mutane.

Hajara ce ta ba ni labarin sauran. Da suka shiga, masu tantancewa suka dubi shaddar, suka dubi takarda. Ɗayansu ya ture takardar gefe ya ce, "Alhaji, wannan shiri na marasa hali ne. Kai ai kamata ya yi ka ɗauki nauyin 'ya'yan wasu."

Malam mutum ne da bai taɓa buɗe baki ya ce ba shi da shi ba, ko a shekarar da tsutsa ta cinye mana gona. Ga kuma 'yarsa a gefe tana kallo. Can sai ya sunkuya ya cire takalmin.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, rigar ta maƙwabci ce. Takalmin ma nasa ne, tun daga tasha yake cizona. Waɗannan dai su ne nawa."

Ƙafafun da suka tsufa a cikin ruwa da taɓo, duk faso, farata sun cinye. Wata mata a cikinsu ta jawo takardar gabanta ta ce, "Baba, mayar da takalminka."

Ya ce, "A'a 'yata, bari su sha iska."

Ya dawo gida da takalmin a hannu. Hajara ta ce an ɗauke ta, na yi masa barka. Da na kawo tuwo ya ce, "Yau na tuɓe a gaban mutane." Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah, Hajara tana shekara ta biyu a kwaleji. Zazzaɓin kwana uku ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Hajara malamar gona ce. Mazan da suka ce mace ba ta da abin koya wa manomi su ne ke kiran ta a wayar salula idan ganyen tumatir ya fara nannaɗewa. Na san da zai yi gardama da ita a kan taki, ya ce, "Auta, ni fa tun kafin a haife ki nake wannan aiki," sannan washegari ya yi yadda ta ce ba tare da ya gaya wa kowa ba. Yara uku daga ƙauyenmu sun bi sawunta ta wannan shiri. Kowane uba ta ce masa ya tafi da rigarsa ta gona.

Abin da ke ci na shi ne ya tafi yana ganin ya zubar da girmansa a ranar nan. Da zan same shi ko na ɗan lokaci, da na gaya masa abin da kunya ta hana ni faɗa a kan tuwon nan: ban taɓa ganin sa da girma ba kamar lokacin da ya shigo da takalmi a hannu.

An raba gona, fartanyarsa ta yi tsatsa a bayan rumbu. Amma jiya Hajara ta dawo daga zagayen gonaki, ta miƙe ƙafa a tabarma, na ga dunduniyarta ta fara faso daidai inda tasa take yi. Na ɗauko man kaɗe zan shafa mata, sai na kasa. Na dai riƙe ƙafar.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sanyaya makwancinsa, Ya hutar da ƙafafun nan.