Sanƙon Ndinga da Kwanon Rufi

Shekara ashirin da uku Ndinga Duwa ya yi yana tsaron shingen ruwa a hanyar burjin da ta tashi daga Meiganga ta nufi Johong, kuma ba a taɓa jin babbar mota ta wuce gabansa ƙasa na jiƙe ba. Aikin ba shi da yawa. Idan ruwa ya sauko, sai ya sauke sandar ƙarfe ya datse hanya. Idan ya ɗauke, a jira awa huɗu ƙasa ta sha iska, sannan ya buɗe. Burji in ya jiƙe laushi gare shi kamar tuwon rogo. Tirela ɗaya ta isa ta tsaga doron da gireda ta yi wata guda tana gyarawa, ruwa ya daina gangarawa gefe ya koma bin tsakiya, hanya ta zama rafi. Ndinga yakan yi wa direbobi wannan bayani, duk da ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Wuyar aikin ɗaya ce: rarrabe ruwa da yayyafi, domin a wurin direba ko ƙanƙara ce ke zuba yayyafi ne. Ofis ya ba shi ma'aunin ruwa, wata kwalba mai mazurari, amma tun makon farko matarsa Filomen ta gano cewa abin ya fi dacewa da ɗurin zuma. Saboda haka Ndinga ya koma ga sanƙonsa. Yakan fito tsakiyar hanya, ya cire hula, ya tsaya ƙyam. In ɗigo ya zauna inda ya faɗa, yayyafi ne. In ya gangara ya taɓa kunne, ruwa ne, kuma babu ɗaukaka ƙara. Direbobi sukan kewaye shi suna kallon kansa kamar masu kallon ƙwallo. Wani ya taɓa ba shi kyautar tawul. Bai karɓa ba.

Gidansa yana bayan shingen, taku ɗari biyu kacal. Damina uku rufin ciyawarsa yana yoyo, har Filomen ta gaji, ta yi ta sayar da zuma ta sayi kwanon rufi a gari. Ta kuma faɗa masa a gaban maƙwabta cewa in ruwa ya sake zuba mata a miya, za ta koma gidan yayanta ta zauna har rani.

Ranar da za a kawo kwanon, gari ya waye garau, don haka kafinta ya yaye ciyawar kakaf tun da safe. Da azahar hadari ya haɗo. Motar Hamajoda, wadda ta ɗauko kwanon, ta iso shinge tare da ɗigon farko, manyan motoci shida na biye da ita.

Ndinga ya fito ya cire hula.

"Baba, don girman Allah mayar da hularka," in ji Hamajoda. "Kayan gidanka ne fa a bayan motar nan. Ga gidan can, ina hango tukwanenka ta sama."

Filomen ta iso da gudu, muciya a hannu.

"Baban Odil, me nake gani? Me ya fito da kan nan waje?"

"Aiki nake yi, Maman Odil."

"Aiki? Ɗakinka na buɗe kamar bakin rijiya, katifa na kallon sama! Ɗaga musu sandar nan."

Ɗigo ɗaya ya sauka a tsakiyar sanƙo, ya yi jim kamar mai shawara. Hamajoda ya matso yana hura iska daga gefe, wai zafi yake ji. Ɗigon ya haɗu da ɗan'uwansa, suka kama hanya, suka sauka a kunnen hagu.

"Ruwa ne," in ji Ndinga. Ya datse shinge, ya jefa makulli a aljihu.

"Kai wannan tsoho! Taku ɗari biyu fa!" in ji Hamajoda.

"Hanya ba ta san gidana ba, ɗana. Taya kawai ta sani."

Filomen ta dube shi daga sanƙo zuwa takalmi. Sannan ta tambaye shi, a hankali, abin da takardar dokar aikinsa ta hana.

"Mota mai nauyi."

"Ta yi maganar mutum mai nauyi?"

Ndinga ya yi tunani da gaske, domin ba ya amsa tambayar doka da garaje. Takardar ba ta ce komai a kan wannan ba.

Filomen ta juya wajen direbobin. "'Ya'yana, ai kun san awa huɗu za ku yi a nan da yunwa. Duk wanda ya kai mini falle biyu gida, akwai tuwon rogo da miyar busasshen nama. Wanda bai ɗauka ba, ya zauna ya ci bayanin burji."

Ba a taɓa ganin direbobi sun sauko da sauri haka ba. Fasinjoji ma suka shiga. Kowa ya ɗora falle a ka, suka zagaye sandar, suka jeru a hanya, ruwa na kiɗa a kan kwanon kamar ana biki. Wani mai ƙiba ya zame sau biyu bai saki kayansa ba. Ndinga ya bi gefensu yana ihu su bar tsakiyar hanya su bi ta ciyawa. Kafinta ya fara da rufa madafi, bisa umarnin Filomen. Katifa ta jiƙe sharkaf, amma ko ɗigo bai shiga miya ba, don haka maganar gidan yaya ba ta taso ba.

Da awa huɗu ta cika bayan ruwa ya ɗauke, Ndinga ya buɗe shinge, motar Hamajoda ta wuce ƙofar gidan babu komai a cikinta. Ndinga kuwa ya ɗauki manjagara ya bi sawun ƙafafu yana sharewa, yana mita.

Yanzu ko yayyafi aka fara, sabon rufin yakan sanar da unguwa duka. Filomen ta ce ai ya huta, ga ma'auni a saman kansa. Ndinga dai har yau fita yake yi ya cire hula. Ya ce kwano yana da ƙarin gishiri.