Wutar da Aka Ɗora wa Gwaggona

A lokacin ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a wani ƙauye kusa da Gangara cikin Damargu, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Noman hatsi muke yi, amma ba abin da nake taƙama da shi kamar bindigar toka da na gada wurin mahaifina. Ina da rawar kai, ba na iya wuce taro ba a kalle ni ba.

Bayan girbin kaka, baffana ya dawo daga hajji, gari ya fita tarbarsa. Dattawa suka ce masu bindiga su yi harbinsu can fili, nesa da rumbuna, don jinka ta bushe ƙayau. 'Yan mata kuwa suna tsaye gindin rumbuna, sai na sulale na bi ta nan. Na ninka albarushi, na danna tsumma, na ɗaga sama na ja kunama. Wuta ta yi tsiri a bakin bindiga, tartsatsi ya watsu, hayaƙi ya turnuƙe, aka rangaɗa guɗa. Da idona na ga tsumman ya faɗa kan jinkar rumbun baffa yana ci ja wur. Na ce a raina zai mutu da kansa, na bi taro, don kada a gane na karya maganar manya.

Muna shan fura aka kurma ihun gobara. Rijiyarmu mai zurfi ce, kafin a jawo guga biyar rumbu huɗu sun zama toka, abincin shekara na gida uku. Gwaggona, wadda mijinta ya rasu idonta kuma ya yi rauni, tana dafa tuwon baƙi kusa da wurin. Aka ce ita ta bar garwashi iska ta kwasa. Ta yi ta rantsuwa tana kuka, ba wanda ya saurare ta, ni kuma ina tsaye na ja bakina na yi gum. Da rani muka koma cin 'ya'yan itacen anza na daji masu ɗaci. Aka hana ta kusantar murhu, yara na kiranta mai ƙona gari. Duk da haka sai ta riƙa rage mini rabonta, wai ni ne mai noma, kada ƙarfina ya tafi. Damina biyu ta ƙara a duniya, ban taɓa faɗa mata ba.

Yau na tsufa. Na gane shirun da na yi ya fi harbin muni. Don Allah wanda ya yi ɓarna ya faɗa tun wanda aka ɗora wa yana da rai. Ni na je neman gafara, kabari na tarar.