Na Sayar Da Jakuna Biyu Na Kama Allura

Shekarun baya, lokacin da ake ta ɗaga ganuwar Birnin Damagaram, ni manomi ne a Guna, ina da mata da 'ya'ya biyu da gonar da mahaifina ya bari. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma duk ranar da na kai gero kasuwar Damagaram, sai in tsaya bakin rumfar wani tsoho mai ɗinkin riga, in yi ta kallon allurarsa har jakunana su gaji da tsayuwa. Ban san dalili ba. A gidanmu ko hula babu wanda ya taɓa ɗinkawa.

Wata kaka na sayar da jakunan biyu da rabin abin da ke rumbu, na damƙa wa ƙanena gona. Mahaifiyata ta ce, "Da furfura a gemu za ka tafi koyon zura zare?" Matata kuwa kuka ta yi tun daga ƙofar gida har muka hango duwatsun Birni.

Tsohon ya kama hannuna ya jujjuya, ya ce, "Wannan hannun fartanya ne. Amma zauna." Shekara guda bai bari na taɓa alharini ba, sai farin zare a kan tsumma. Kuɗin jakunan duk ya tafi a abinci da zaren da nake ɓatawa. Yau in ga kamar na gane, gobe in miƙe in tarar na ɗinke tsumman da wandona.

A shekara ta uku na gama rigata ta farko, mai adon nan da ake kira aska biyu, a kan saƙi. Tsohon ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "To." Har ya rasu ban san wace irin "to" ce ba.

Na naɗe rigar na tafi Guna. Na tarar damina ta yi albarka, har ƙanena ya ƙara rumbu. Mahaifiyata ta daɗe tana shafa ɗinkin.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Ya yi kyau. To, a garin nan wa zai sa?"

Na karɓi rigata na ajiye. Da yamma ƙanena ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, gonarka tana nan. Ka dawo kafin shuka, ba wanda zai yi maka dariya." Washegari na ɗauki fartanyarsa don in gwada kaina. Kafin rana ta take, tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Ga birni ban zama gwani ba, ga gona ta manta da ni.

Wuni guda na yi a hanyar komawa, duk inuwar da na zauna sai in tashi da wata shawara dabam. Da na iso na ce wa matata, "Ina ganin gida za mu koma. Ko kuwa?"

Tana matsar man gyaɗa ne, sana'ar da ta kama don mu samu na tuwo. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam, kai ka kawo ni ina kuka. Yanzu man da nake matsa fataken da ke sauka a Zango suke nema. In za ka koma, ka gaida Inna."

Shi ke nan, na zauna. Bayan wata biyu wani falke ya sayi rigar ya yi arewa da ita, aiki ya fara zuwa kaɗan-kaɗan.

Yau da allura nake ciyar da gidana, kuma ina jin daɗinta. Sai dai har yanzu ban san ko jarumta na yi ko wauta ce Allah ya rufa mata asiri ba. Kwanakin baya wani magidanci ya zo rumfata yana shawara, wai zai sayar da saniyarsa ya koyi ɗinki. Na buɗe baki in hana shi, na sake buɗewa in ƙarfafa shi. Daga ƙarshe na ce ya je ya tambayi matarsa.