Asabar ɗin da Baba Shu'aibu ya kama tashar da ba ta magana

A duk shekarun da na yi a cibiyar kimiyyar nan, akwai wata Asabar ta damina da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ku da kuka zo bayanmu ya kamata ku ji ta.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, ni ke kula da ɗakin jirgi. Ga wanda bai sani ba, ba jirgin gaske ba ne. Kujera ce da sitiyari da alluna uku na kwamfuta, kana zaune a Keffi amma kana ganin kanka a sama. Manajarmu, Hajiya Talatu, ta sa aka ƙara masa rediyo mai gajeren zango. Kwamfuta tana duba inda jirginka yake da lokacin da ake ciki, sai ta ba ka tashoshin da za a iya kamawa a can. Muryoyin tashoshin daga intanet suke zuwa. Ƙarar shuu ɗin nan kuwa, wadda duk mai tsohuwar rediyo ya sani, kwamfutar ce ke ƙirƙirarta da kanta. Ku riƙe wannan bambancin, don a kansa labarin yake.

Duk Asabar ƙungiyar masu sha'awar rediyo kan zo. Al'adarsu ita ce mutum ya zauna, ya sa hedifon, ya yi ta murɗawa har ya kama tasha, sannan ya faɗi sunanta. Ni ina gefe da nawa hedifon da allon da ke nuna mini sunan, ni ke tabbatarwa. Shugabansu Baba Shu'aibu ne, tsohon ma'aikacin sadarwa daga Angwan Iya. A kan babur yake zuwa, ya tsallako titin Abuja da tirelolinsa. Ba a taɓa kayar da shi ba, kuma ba ya bari a manta. Ni kuma Injiniya yake kirana, alhali ya san takardar difloma kawai gare ni.

A ranar, Baba ya zauna, na ɗaga masa jirgi muka nufi arewa. Yana cikin gyara hula na ga fitilar na'urar intanet ta koma ja. Kafin in buɗe baki har ya fara murɗawa. A kunnena babu muryar kowa sai shuu. Ya tsaya a mita talatin da ɗaya, ya dubi agogon hannunsa, ya ɗaga yatsa ya faɗi sunan wata tasha.

"Labarai ma suke karantawa," in ji shi.

Na dubi allona, sunan da ya faɗa ne a rubuce, domin jadawalin tashoshi yana cikin kwamfuta ko babu intanet. Sai a lokacin na gane abin da na daɗe ina gani ban fahimta ba: yadda yake ƙure ƙarar hedifon, da yadda yake kafa wa bakin mutum ido idan ana magana. Baba ba da kunne yake kama tasha ba. Ya san mita, ya san lokaci, shekaru ne suke ba shi amsa.

Mutanen da ke kan benci duk suka juyo. Wani ya ce, "Injiniya, yaya?"

Na ce, "Sunan tashar daidai ne."

Aka yi tafi. Da Baba ya tashi, na sanar cewa intanet ya yanke, a ɗan yi haƙuri. Ban faɗi lokacin da ya yanke ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Bayan an watse na sami Hajiya a ofis na gaya mata. Ta ce, "Rabi'u, mu ba asibiti ba ne. Kai ne za ka dubi sa'an kakanka ka ce masa ya kurmance?" Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Amma kuma babur ɗin nan. Idan tirela ta yi masa hon fa?" Abin da ya hana ni sukuni ke nan. In na yi magana na ci mutuncin dattijo, in na yi shiru ina kallo yana hawa titin nan kullum.

Cikin mako Baba ya leƙo shi kaɗai, kamar yadda ya saba idan ya fito kasuwa. Na ce, "Baba, ku taimaka mini mana. Ina son a gwada hedifon ɗin teburina, ku ne masu kunnen." Ya ji daɗi, ya zauna a kujerata. A allona akwai wani koren layi da ke tsalle duk lokacin da murya ke fita. Na sa masa tasha mai ƙarfi, wadda ko daga bakin ƙofa ina jin maganar mai gabatarwa tana fitowa daga hedifon ɗin.

Ya saurara. Ya ce, "Wannan hedifon naka ya mutu, Injiniya." Sai idonsa ya sauka a kan layin, yana ta tsalle. Mutumin da ya yi rayuwarsa gaban irin waɗannan na'urori ba sai an yi masa bayani ba. Ya juya hedifon, na dama ya koma hagu. Ya danna shi da tafin hannu biyu. Layin bai daina tsalle ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kawar da kai ina goge teburin da ba shi da datti.

Can ya cire, ya ajiye a hankali. "Ranar Asabar, yaushe intanet ɗin ya yanke?"

Na matso kusa, na ɗaga murya. "Kafin ku fara murɗawa, Baba."

"Kuma ka ce daidai ne."

"Sunan tasha na ce daidai ne."

Ya yi 'yar dariya. "Ja'iri. Wa ya sani?"

Na ce daga ni sai Hajiya. Ya daɗe yana jujjuya makullin babur ɗinsa, sannan ya miƙo mini. "Kai ni gida. Ka tafi a hankali, ni ba yaro ba ne." Da na sauke shi na shigar da babur ɗin gida, na miƙa masa makullin, sai ya ce in riƙe.

Asabar ta zo ta wuce babu Baba, wata ma ta wuce. Na fara zargin kaina, na ce na raba tsoho da abu ɗaya da ke fito da shi daga gida. Sai wajen ƙarshen damina ga shi a keke mai ƙafa uku, 'yarsa Maryam na riƙe da jakarsa, da wata 'yar na'urar ƙara ji maƙale a bayan kunnensa. Ban san yadda zai yi da jama'a ba. Shi da kansa ya tura hula gefe ya nuna musu. "Ku gani, an sa mini sabuwar eriya. Duk mai zagina a ɓoye ya shiga taitayinsa."

Ya zauna, muka daidaita hedifon a kan na'urar, na tayar da jirgi. Nan take ya zabura ya cire.

"Injiniya, mene ne wannan rugugin?"

"Injin jirgin ne, Baba."

"Dama yana ƙara?"

"Tun ranar da aka kafa shi."

Mutanen kan benci suka fashe da dariya, shi ma ya yi. Sannan ya mayar da hedifon, ya tuɓe agogonsa ya jefa a aljihu, ya rufe ido ya fara murɗawa. Ranar ya kuskure tasha, karo na farko, kuma ban taɓa ganinsa cikin farin ciki kamar haka ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ana horar da mu mu kula da fitilu da wayoyi, amma wanda ke kan kujera shi ne ainihin aikin. Za ka ga abin da bai gani ba game da kansa, kuma ba dole sai ka faɗa a gaban jama'a ba. Nemo hanyar da zai gani da idonsa. Makullin babur ɗin ya yi wata guda a aljihun teburina. Da na tuna masa, cewa ya yi in ba Maryam, shi yanzu jirgi yake tuƙawa.