Ranar da Inna ta kira sunana

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu na bayan Buza uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama inda yake zaune. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ga Kaka, uwar babana. Gida ɗaya muke da Inna, amma ko fura za ta ba ni sai ta ajiye ƙwarya a ƙasa, ta ce a faɗa wa wancan ga abinsa nan. Ban taɓa jin haushi ba, haka kowa ya tashi.

'Yan shekaru bayan babban fari, ina saurayi mai ji da ƙarfi, na shiga lodin albasa a Madawa. Ran da abin ya same ni ina bisa kamiyo, babbar motar kaya, kan buhuna, taya ta faɗa rami a hanyar Buza. An ce da kai na sauka. An ce, domin kusan duk abin da na sani na shekarar nan daga bakin mutane na aro shi. Majo, babban ma'aikacin asibiti, ya ɗinke ni, ya ce wa babana waje ya gyaru, ciki kuwa sai Allah.

Cikin bai gyaru ba. Komai biyu nake gani, in miƙa hannu ga ludayi in damƙi iska. In na miƙe ƙasa ta karkace. Babana ya ɗaure igiyar guga daga ƙofar Kaka zuwa iccen dogon yaro na tsakar gida, ita nake bi, ƙato da ni. Mantuwa ta fi duka ciwo. In ci tuwo, in wanke hannu, in hau Kaka da faɗa wai yunwa za ta kashe ni. Ita ma ba ta raga mini, sai ta ce ita dai ba ta yi sa'ar miji ba, ga ci ga musu.

Abu ɗaya na riƙe da kaina, shi ne tsoro. Kullum da la'asar mata biyu kan tsaya gindin rumbu, zane iri ɗaya, fuska iri ɗaya. Ba sa matsowa, ba sa magana, in na dube su su kau da kai tare, su ajiye ƙwarya su ɓace. Na ƙudura a raina iskoki ne suka biyo ni daga ramin nan. Na ƙi furarsu, na riƙa yi musu ihu su koma inda suka fito. Kaka ta ce mini mace ɗaya ce, kuma ita ta haife ni. In yarda, gari ya waye in manta. Ta ce da Inna ta zo ta zauna kusa da ni ko zan gane ta, Inna ta rufe fuska ta ce da wane ido za ta dubi mutane.

Da damina ta kama, wata safiya bayan ruwan sama, na saki igiya na fita, ba wanda ya lura. Ƙoramar bayan gari ta ciko tana cin gaɓa. Mata na daka can nesa, dattawa na zaune gindin gawo, har da ƙannen babana. Suka hango ni ina tangaɗi, na nufi bakin gaɓa kai tsaye. Ina jin gaɓa biyu nake gani, na zaɓi wadda babu. Maza suka taso suna "kai, kai", ko waiwaye ban yi ba, kuma ba mai iya cim mini.

Sai Inna ta yar da taɓarya ta kira sunana, da ƙarfi, gaban surukanta duka. An ce na tsaya cak, ƙafa ɗaya a bakin rami, na juyo na ce, "Na'am, Inna."

Kaka ta ba ni labarin nan, ƙannen babana sun ba ni, har makwabta. Kowa ya ji, kowa ya riƙe. Ni da aka kira, babu ko kaɗan a kaina. Wallahi na nema, na rufe ido na nema har kai ya yi ciwo.

Na samu sauƙi a hankali, na bar igiya na koma sanda, har na yi iyali. Wata rana, ta tsufa, mu biyu kaɗai a tsakar gida, na ce, "Inna, ki sake faɗa, sau ɗaya, ba kowa."

Ta ja mayafi kan baki. "Kai, tahi can. Mi za ka yi da shi?"

Ba ta sake ba har ta rasu. Yanzu in na gaji ido yakan koma raba mini abu biyu. Wani lokaci da la'asar nakan ga matan nan gindin rumbu, zane iri ɗaya. Ba na korar su. Nakan hana jikokina surutu, in kasa kunne, su kuwa su kau da kai tare.