Majigin da Ke Komawa Baya

Duk ranar da na kunna majigi a aji, fankar cikinsa ta fara huro iskar nan mai ɗumi da warin roba, sai kakana ya faɗo mini a rai. Bari in gaya maka dalili.

A Gafasa na tashi, a hannun kakan nawa da muke kira Kaka, don mahaifina yana can kudu wajen nema. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka kawo mana wani malamin noma, saurayi ɗan Gaya. A babur yake zuwa, da kwamfuta a jaka, wani lokaci da majigin da yake arowa da ɗan injin wuta ɗaure a baya. Damina ta yi tsakiya, dawa ta kai ƙugu, ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya zaɓi abin da ke damun gonakin garinsu. Mu muka ɗauki wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa. Da wayar Malam muka ɗauko hotuna, a gonar Kaka ma kuwa, sannan muka riƙa zama gaban kwamfutar bi da bi: wannan ya sa hoto, wancan ya rubuta layi biyu da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsintar tsaba. Ni aka zaɓa in yi bayani, saboda an ce bakina ba ya gajiya.

Bakin nan ne kuwa ya jawo mini. Na dawo gida ina ɗoki, na ce, "Kaka, ranar Alhamis za a yi majigi a makaranta!"

Ya ajiye igiyar da yake tufkawa. "Majigi? To, bokon ya ƙare. Ga fartanya can, daga Asabar ka bi ni gona."

Wallahi ba wasa yake ba, ko da yake ni da shi kullum cikin tsokanar juna muke. Kakata ce ta fayyace mini daga baya. Yana saurayi, motar majigi ta zo dandalin gari ta nuna yadda ake zuba takin zamani. Hoton yana ta gudu, jama'a na ta hayaniya, wurin da aka nuna tazarar da ake bari tsakanin taki da shuka ya wuce shi. Ya je ya tula takin a gindin dawa, gonar ta ƙone ƙurmus, mahaifinsa ya yi masa faɗan da bai taɓa mantawa ba. Tun daga nan, a wurinsa majigi abin da ke ruɗar mutum ne ya kama gabansa.

Na yi kuka, ba na ɓoye maka. Ina son makarantar nan kamar me. Kakata ta yi ta lallashinsa har ya ce zai je ya gani da idonsa, don kada a ce ya zalunci yaro.

Ranar Alhamis da hantsi aka rufe tagogi da buhunan taki, aka rataya farin zani a jikin allo. Inji na ƙara a waje, ajin ya ɗauki zafi. Kaka ya shigo da sandarsa, ya ƙi kujerar da Malam ya miƙa masa, ya tsaya a baya. Na fara bayani. Na nuna furen, na nuna saiwar da ke maƙale wa ta dawa, na wuce zuwa yadda ake cire ta kafin ta zubar da iri. Sai na ji muryar Kaka:

"Kai, ka ga irinta ko! Ban gama ganin saiwar nan ba, ta wuce."

Malam ya ce, "Baba, a dawo da ita?" Ya danna maɓalli ɗaya, saiwar ta dawo jikin zanin, ta tsaya cak.

Kaka ya tako har gaban allo, inuwar hularsa ta rufe rabin hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a wuce, aka wuce. Ya ce a koma, aka koma. Yara suka fara ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa. Can ya juyo ya dubi Malam, ya ce, "Ashe wannan yana jin magana. Namu ba ya jiran kowa."

Da muka koma gida, muna isa ƙofar zaure Kaka ya juyo ya dube ni. "Sarkin surutu," ya ce, "fartanyar sai Asabar da Lahadi. Sauran kwanakin na Malam ne."

Yau ni ke koyarwa a Gaya. Ɗalibaina suna haɗa aiki ɗaya ta waya, wani yana Kademi, wani yana cikin gari, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya rubuta nan take. Komai ya yi sauƙi, amma kunyar tambaya tana nan yadda take. Sai ka ga yaro bai gane ba, ya yi tsit, shafi ya wuce shi. Shi ya sa nake tsayawa ina duba fuskoki. Kaka ya rasu ban kai ga fara koyarwa ba, kuma har yau ban samu ɗalibin da ya kai shi ƙarfin halin cewa a koma baya ba.