Turmin Kawu Laminu a Bakin Bahar Rum

Kwas, kwas, kwas. Duk wanda ya zauna a layinmu na Harobanda, nan Yamai, ya san wannan ƙarar. Liman na sallame asuba, Kawu Laminu zai jawo ɗan turminsa, ya zuba barkono da citta da ƙuli-ƙuli, ya hau dakan yajin ranar. Dattijo guda, mai rumfar katako a kasuwar Katako, da furfurarsa! Mace ba ta taɓa masa taɓarya. Kuma ba ya tsayawa sai ya ji matarsa, Inna Hadiza, ta yi atishawa daga ɗaki. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ya nuna." Kun dai tuna maganarsa: "Abinci ba yaji, gaisuwa ce ba hannu."

Ni a hannunsu na tashi. Shekarar da Inna ta yi doguwar jinya, abinci ya fita ranta gaba ɗaya. Ɗansu Sa'idu, mai aikin jinya a Marsay ta Faransa, ya aiko da takardu su je hutu, ko iskar teku za ta buɗe mata ciki. Aka haɗa da ni saboda ɗan faransancin da na yi a kolej.

Ranar haɗa kaya na ga Kawu ya fitar da riguna biyu daga akwati ya saka turmi.

"Kawu, mu daka a nan mana mu ƙulle a leda."

"Yajin jiya? Rabi, ai tsohon labari ne, kowa ya ji shi."

A filin jirgi ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ɗaga taɓaryar ya ce, "Alhaji, wannan kulkin fa?"

"Na barkono ne, ɗana. In kai ba barkono ba ne, kwantar da hankalinka."

Ni dai salati nake har muka wuce.

Da Sa'idu ya ga yadda uwarsa ta koma, bai ɓoye ba. Ya ce, "Baba, kwana goma na ba ku. In Inna ba ta fara ci ba, zan kwantar da ita lopital, asibitinmu na nan, ku ku koma Yamai in biza ta ƙare." Mutanen da tun aurensu ba su taɓa yin salla a gari daban-daban ba! Inna ta damƙe bakin zanena ta ce, "Kar ku bar ni nan, Rabi."

Otal ɗin da aka kama mana, tambaya ɗaya Kawu ya yi: ana daka a ciki? Aka ce a'a. Ya ce to kurkuku ne mai labule. Dole Sa'idu ya aro tanti biyu, ya kafa mana a wani filin ƴan hutu kusa da garin Set, tsakanin itatuwa, teku na gabanmu, ya koma bakin aikinsa.

Washegari muna idar da salla, kwas, kwas, kwas! Sai ga Nasara suna leƙowa daga tantuna, gashi a hargitse. Mai kula da filin ya iso yana huci.

"Mi ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce sannu da aiki, amma mutane na barci."

"Gari ya waye suna barci? Ce masa ba su da lafiya, su ma yajin suke buƙata."

Na juya na ce kawuna yana ba da haƙuri. Allah ya gafarta mini, ƙaryar da na yi a tafiyar nan ta fi ta rayuwata duka. Mutumin ya ce in aka ƙara ko sau ɗaya, mu naɗe tantinmu. Abin baƙin cikin, iska ta kwashe ƙamshin ta yi teku da shi, Inna ko motsi.

Daga ranar Kawu sai ya goya turmi cikin bargo, ya yi nisa cikin rairayi ya daka. Kafin ya dawo danshin teku ya dunƙule yajin. Inna ta duba ta kau da kai. Shayi kawai take kurɓa. Warwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu, ni kuwa ina lissafin kwanaki a carbi.

Ran kwana tara da azahar Kawu ya ce, "Ku tashi, gidan abinci za mu." Shi da ke cewa abincin saye na gwauraye ne! Muka shiga wani ƙaramin garin masunta, muka zauna a tebur a waje, jiragen ruwa na rangaji kusa da mu. Ya ga na kusa da mu suna tsotsar wasu baƙaƙen kwasfa.

"Ce musu ba mu cin ƙwarin ruwa. Kifi nake so mai kai da wutsiya, gasasshe, kuma kar giya ta ko gaishe shi."

Kifi ya zo fari fat. Inna ta dube shi ta juya fuska. Sai na ji ƙarar: kwas. Daga ƙarƙashin tebur! Ashe turmin na cikin babbar rigarsa.

"Kawu, don girman Allah, za su kira polis!"

"Rabi, ja mini mayafin teburin nan ki rufa mini asiri."

Mai dafa abincin ya fito, ƙato, fuska ja wur, wuƙar yankan kifi har lokacin tana hannunsa. Yana ta faɗa, wai an wulaƙanta masa girki. Kawu ko ɗaga kai bai yi ba. Ni kuwa ƙarya ta ƙare mini. Na miƙe na ce da faransanci, "Yallaɓai, matarsa ce ba ta cin abinci. Gobe za a raba su."

Mutumin ya dubi hannun Inna. Kwas, kwas, kwas. Can sai iska ta juyo daga teku. Teburin kusa ya fashe da atishawa, na bayansa ya karɓa, ƙaton ma ya saki tasa har hularsa ta faɗi. Sai wata ƴar siririya daga gefena: atishau!

Kawu ya ajiye taɓarya. "Alhamdu lillahi, ya nuna."

Inna na dariyar ƙaton nan har da hawaye, ta sa hannu ta gutsiri kifi ta dangwala. Ta cinye gefe ɗaya, ta juya shi da kanta. Mai girkin ya lashi yajin a yatsa, ya ruga neman ruwa. Kawu ya ce, "Ce masa kifinsa mutumin kirki ne, tarbiyya ce bai samu ba." Wannan kam na fassara ta daidai.

Mu uku muka tafi, mu uku muka dawo Yamai.

Yau kwana arba'in da rasuwar Kawu. Inna tana gidana, ta koma shayi kamar wancan lokacin. Da safen nan na ɗauko turmin, na ce, "Kawu, ka yafe, hannun mace zai taɓa." Ina daka ina kuka, na ɗora wa barkono laifi. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya saka masa da alherin kowace safiya da ya tashi don matar nan.

Ban kai ga shafa addu'ar ba sai ga autata Nana da gudu daga ɗaki.

"Mama, tsaya haka nan! Kaka ta yi atishawa. Ta ce wai akwai sauran tuwon jiya?"